Muryar Zakariya a Gidan Kaset ɗin Wa'azi

Ranar sadakar bakwai ɗin Zakariya ce Ilyasu Mai Rediyo ya tafka abin kunyar da har yau, in yana wucewa aka ce "lasifika", sai ya ƙara sauri.

An tare layin da benci, an kafa rumfar tamfol a ƙofar gidan su marigayin a unguwar Ridina ta Njamena, dattawa sun jeru a kan tabarmi ana bin su da shayi da dabino. Malamai ba su iso ba tukuna. Alhaji Waliyyullahi, yayan marigayin, ya ce a sa wa jama'a karatu kafin su zo, kada a zauna ana hirar tsadar sukari a wurin makoki. To wa za a kira? Lasifikar ta Ilyasu ce, batirin nasa ne, kuma duk unguwa an san shi da mamacin ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Ya shiga ɗakin Zakariya, ya tarar mata sun share sun tattara kaya wuri guda. Ya sa hannu a kwali, ya zaro kaset mai hoton wani malami da gemu har ƙirji. Ya dawo ya hure ƙurarsa, ya zura, ya murɗa murya har ƙarshe don na bakin titi ma su samu lada. Ya danna.

Jita ce ta fara, irin ta 'yan Kongo mai shiga ƙugu. Ganguna suka biyo baya, da usur, da ihun taro. Sai kuma, sama da duk wannan, muryar mutumin da aka kai maƙabartar Lamaji aka rufe, tas kamar yana tsaye a ƙarƙashin rumfar:

"Kai Ilyasu, jakin Ridina! Sauka daga ƙafata! Je ka yi rawarka can!"

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana danne-dannen rediyo, ran nan ya rasa inda makashin yake. Ya danna wannan, kiɗa ya ƙara gudu. Ya danna wancan, lasifika ta yi ƙara kamar an yanka akuya. Da ƙyar ya tuna da wayar batiri, ya fizge ta, ya yi baya taga-taga, ya zauna daram a cikin farantin dabino.

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake akwai waɗanda suka sa bakin rawani suka rufe fuska. Abin da ya hana dariyar shi ne Goggo. Tsohuwar da ta haifi Zakariya ta fito har zaure, ba takalmi, ba mayafi, tana laluben bango tana cewa, "Zakari? Zakari ne?" Mata suka riƙe ta suka mayar da ita ciki.

Bari a faɗi wane ne Ilyasu, don wanda bai san shi ba kada ya ɗauka shashasha ne. Shashashan ne, amma ba irin wanda ake zato ba.

Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya iso nan bakin kogin Shari ya ce zai ɗan huta. Har yau zuriyarsa hutawar suke yi. Ilyasu gajere ne, mai faɗin goshi, kunnuwansa a buɗe kamar an rataye su a bushe. Allo ya yi kaɗan, lekol, wato boko, ya leƙa ta taga, sai aka kai shi wurin wani mai gyaran rediyo ya koyi sana'a. Shagonsa a Ridina ɗaki ne ƙarami, in ya miƙe hannu biyu ya taɓa bango da bango, cike da gawarwakin rediyo da masu su suka manta da su. Ba shi da magana. In ka kai masa gyara ka tambaye shi yaushe, sai ya ce "gobe", kuma goben Ilyasu ba ta da rana a mako.

Zakariya kuwa ɗan gidan 'yan kasuwa ne, tun zamanin Nasara suke sayar da yadi a babbar kasuwa. Dogo, siriri, baki ba ya rufuwa. Bayan rasuwar mahaifinsu yayansa Waliyyullahi ya riƙe shago da gida, ya ɗora Zakariya a kan ɗauko kaya daga Kusuri, garin da ke ƙetaren kogi, don an gwada shi a zaman shago an ga yana ba mata bashi in suka yi masa dariya.

Sun haɗu a farkon shekarun casa'in, lokacin da gari ya ɗan saki jiki, mutane suka fara fitowa da yamma ba tare da waige-waige ba. Zakariya ya shigo shagon rungume da wata musajjala, wato rikoda mai ɗaukar murya, wadda ya sayo ta hannu a Kusuri. Ya ce tana cin kaset. Ilyasu ya buɗe ta, ya jiƙa auduga da turare ya goge mata kai, ya canza roba, ya ɗauko wani kaset nasa don gwaji. Da kiɗan ya tashi, sai ƙafar Zakariya ta fara bugun ƙasa. Ya duba, ya ga ƙafar mai gyaran ma tana yi a ƙarƙashin tebur, fuska kuwa a murtuke kamar mai karɓar haraji.

"Au! Kai ma mara lafiya ne?" in ji Zakariya.

"Ni gwaji nake yi."

"Ran Asabar akwai orkes, masu jita da ganga, a unguwar Paris-Congo. Zo mu je ka gwada da kyau."

Shi ke nan fa. Daga ranar, duk inda aka ɗaura waya aka kunna janareta a Njamena, to nemi mutanen nan biyu a gaba-gaba. In sun fito daga Ridina, riga har ƙasa, hula a kai, carbi a hannu, sai ka ce gaisuwar mutuwa za su. Suna wuce inda za a gane su, sai a naɗe hula a cusa a aljihu. A farfajiyar da ake wasan, kowa da kwalbarsa a gaba, su kuwa karkanji, wato zoɓo, mai sanyi suke saye a bakin ƙofa su shiga da shi. Masu wurin tun suna yi musu kallon 'yan leƙen asiri har suka saba, suna kiransu "alhazan rumba", ana ajiye musu benci.

Ba su da zaɓi a kiɗa, kamar ba su da zaɓi a abinci. 'Yan Kongo in sun ratso gari, suna can. Mawaƙin Sudan mai farin rawani da akodiyon, suna can, Zakariya yana ɗaga hannu yana kaɗa yatsu kamar ɗan garinsu. Masu kalangu a bikin mahauta, ba a gayyace su ba, amma suna can, har da cin nama. Wani tsoho mai gurmi ya zo daga Damagaram ya yi wasa a ƙarƙashin bishiya, masu saurarensa ba su cika tabarma biyu ba, su ne a bakin tabarmar. Sun taɓa tsallaka gada zuwa Kusuri a kan keke ɗaya don wani mai jita, suka tarar an ɗage wasan, suka zauna bakin ruwa suka ci soyayyen kifi, Zakariya ya rera wa Ilyasu duk waƙoƙin da ya kamata su ji.

Kuma nan ne masifar take. Zakariya ba shi da murya. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi fara'a, da aka zo rabon murya yana Kusuri ɗauko kaya. In ya ɗaga ta, kamar ana jan ƙofar langa-langa a kan siminti. Ga shi kuma shi ne mai riƙe musajjala, don ya fi tsayi. Yakan rungume ta a ƙirji, dab da maƙogwaronsa. Sai a dawo shago washegari a kunna, a ji mawaƙin can nesa kamar yana cikin rijiya, Zakariya kuwa a kunnenka: yana bin waƙar Lingala da ba ya jin ko kalma ɗaya, yana gaishe da mutane, yana cinikin gyaɗa, yana zagin Ilyasu.

"Ka ɓata min kaset," haka Ilyasu yake cewa duk sati. "Na sayi pil sababbi, batir mai tsada, na sayi kaset sabo, don in ji ka? Ba kullum nake jin ka kyauta ba?"

"Rafigi, abokina, wata rana sai ka biya kuɗi ka ji ni."

"Allah ya kiyaye."

Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa, ba abin da ya canza sai keken da ya zama babur. Hanatu, matar Ilyasu, ta gaji da faɗa ta koma yi musu guzurin ƙuli-ƙuli. Amma a gidan su Zakariya abin ba haka yake ba. Alhaji Waliyyullahi mutum ne mai tsoron Allah da gaske, ba na ganin ido ba, kuma tunda ya dawo daga Hajji ya hana kiɗa a gidan. Don haka Ilyasu ya koya wa abokinsa dabara: a sayi kaset ɗin wa'azi, a ba wani kaset ɗin sadaka, a riƙe gidansa mai hoton malami, a sa na kiɗa a ciki. Don kada a ruɗe, sai a ɗiga jan farcen mata a kusurwar gidan. Alhaji yakan leƙa ɗakin ƙanensa ya ga malamai jere a kan kanta, ya fita yana hamdala.

Ɗigon nan ne Ilyasu bai gani ba ranar sadaka. Ina zai gan shi? Tun da aka dawo daga Lamaji idonsa bai bushe ba.

Ciwon bai yi wa Zakariya sallama ba. A daminar 2006 ya fara ramewa, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Aka ce hanta ce. Aka yi na asibiti, aka yi na gida. Ilyasu ya rufe shago yana jinya, shi ne mai juya shi, shi ne mai kora masa ƙuda. Wata safiya Zakariya ya buɗe ido ya ce, "Rafigi, yau shiru gari ya yi." Bai ƙara cewa komai ba. Kafin azahar an fita da shi.

Da aka watse daga sadakar, Alhaji Waliyyullahi ya aika a kira Ilyasu. Ya same shi a zaure, kwalin a gabansa, an zazzage malamai a kan tabarma. Alhaji ya riga ya gwada kaɗan daga ciki. Ilyasu ya tsuguna can gefe yana jiran ashar. Ashar ba ta zo ba. Da ta zo ma da ya fi sauƙi.

"Ilyasu, duk wannan kiɗa ne?"

"Akwai na wa'azin ma, Yaya."

"Nawa?"

Ilyasu ya duba tabarmar. "Akwai dai."

Alhaji ya daɗe yana murza ido da yatsa. Babban mutum ne mai jiki, amma a kwanakin nan rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce, "Ni na goya yaron nan. Ni na sa shi a kabari da hannuna. Tun ran nan ban yi barci ba, ina tunanin abin da ya tarar. Yanzu ga wannan. Duk wanda ya kunna ɗaya daga cikin waɗannan ya ji daɗi, ina alhakin yake tafiya? Ba Lamaji ba?"

Alhaji ya nuna malaman da ke zube a kan tabarma, ya ci gaba.

"Na so in ƙona su. Sai na ga ƙonawa ba ta kai masa komai. Kai ka iya aikin. Ga kaset ɗin karatu nan na gaske. Ka ɗora shi a kan kowane ɗaya, a goge abin da ke ciki, in raba wa direbobi da masu shago kafin sadakar arba'in. Abin da ya tara na wasa ya koma masa lada." Ya ɗago ya dube shi. "Na san kana da inji mai baki biyu. Na san za ka iya kwafa ka ɓoye, ba mai sani. Ba zan sa ka rantse ba. Abokinka ne. In kana son ka ƙara masa nauyi, kai ka sani."

Da Alhaji ya zage shi, da Ilyasu ya kwafe su duka a daren, har da ƙari. Amma maganar nan ta shige shi kamar ƙaya. Ya ɗauki kwalin a ka ya kai shago. Hoton Zakariya guda ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa, ya fito a ciki kamar ɓarawon da aka kama. Ba wasiƙa, ba komai. Abin da ya rage na mutumin nan a bayan ƙasa, wanda in ka rufe ido za ka ce ga shi, yana cikin kwalin nan, kuma an ba Ilyasu aikin kashe shi da yatsansa.

Ya je wurin wani malami a Ridina ya tambaya a kaikaice, wai wani abokin wani ne. Malamin ya ce a goge, da gaggawa. Ya hau babur ya je wurin wani a wata unguwa, wannan ya ce kowa da abin da ya aikata, mamaci ba ya ɗaukar kayan mai rai. Ya dawo da amsa biyu, kai ɗaya. Hanatu ta ce, "Baban Hauwa, ka ɓoye ko guda mana, wa zai sani?" Ya ce, "In na farkon ne mai gaskiya fa? Ni ina nan ina jin daɗi, shi yana can ana tambayarsa?" Ta tura masa tuwo, bai ci ba.

Sai ya fara.

Kaset ɗin duk an karye musu 'yan haƙoran nan na sama, waɗanda in babu su inji ba ya yarda ya ɗauki sabon abu a kai. Shi da kansa ya karye su a lokacin, don kada wani ya goge da kuskure. Yanzu shi ne yake bi yana toshe ramukan da takarda, yana liƙewa da salatif. Abu ɗaya ya ba kansa: ba zai goge kaset ba sai ya saurare shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya ce wa Alhaji ƙa'idar aiki ce, sai an duba ko zaren ya tsinke. Alhaji ya dube shi, ya ce to.

Mutanen layin suka ga Ilyasu ya canza. Shago a buɗe, amma labule a sake. In ka kai gyara, ko "gobe" ɗin ba ka samu. Yana zaune da abin ji a manyan kunnuwan nan nasa, ido a rufe, wani lokaci kafaɗa na rawa, ba ka sanin dariya ce ko kuka.

Ya ji ranar da ruwa ya tsuge ana tsakar wasa, kowa ya gudu, Zakariya ya cusa musajjala cikin riga, sai bugun zuciyarsa da ƙarar ruwa da shi yana cewa, "Rufe ni da rigarka, ɗan banza, ni ba na ruɓewa, ita ce ke ruɓewa!" Ya ji ranar da janareta ya mutu, jita ta ɗauke, taron gaba ɗaya ya ci gaba da waƙar da baki da tafi, Zakariya yana jan gaba a kan hanyar da ba ta waƙar ba. Ya ji tsohon mai gurmi, da inda Zakariya ya yi shiru, abin da bai saba ba, sai can ya ja hanci ya ce, "Wannan tsoho zai kashe ni." Ya ji ranar da aka haifi Hauwa, 'yar Ilyasu ta fari, Zakariya yana sanar da baƙin da ba su tambaye shi ba: "Wannan gajeren ya zama uba yau! Ku tafa masa!" Aka tafa.

In kaset ya ƙare ya yi tak, sai Ilyasu ya zura biro a ramin ya mayar da zaren farko da hannu, don ya ɗan ja lokaci. Sannan ya sa shi a baki ɗaya, na karatu a ɗaya bakin, ya yi bisimilla, ya danna jan maɓalli. A da, duk kaset ɗin da suka ɗauko sai ya yi ta ƙorafi mawaƙi ba ya fitowa. A kwanakin nan ko sau ɗaya bai kula da wane mawaƙi ba ne.

Kullum bayan la'asar Alhaji yakan biyo ya karɓi waɗanda aka gama. Ba sa doguwar magana. "Sannu da aiki." "Yauwa, Yaya." Ya zuba a jaka ya tafi. Ba a daɗe ba ka shiga taksi a Njamena ka ji karatu yana tashi, ba ka san a ƙarƙashinsa akwai alhazan rumba a binne ba. Wata rana Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Goggo tana ta tambaya wai a sake kunna mata abin nan na ran sadaka. Na ce mata an goge." Ilyasu ya ce, "An goge." Shi ne na farko da ya goge, don haushi.

Kwali ya yi ta sauka har aka ga gindinsa. Ana jibi sadakar arba'in, saura 'yan kaɗan. Wuta ta ɗauke tun safe, Ilyasu ya jona inji da batirin mota. Abin jin kunnensa ya lalace, sai ya saki muryar a hankali a cikin shago. Ya ɗauko wani tsohon kaset da hoton malamin ya koɗe.

Wasan Paris-Congo ne, na shekarun farko, ya gane da ƙarar janaretar gidan wasan. Kiɗa ya yi zafi, Zakariya yana ta aikin ɓata waƙa. Can sai ya ce, "Kai, rana ta faɗi. Zo mu sauke farali mu dawo, kafin su shiga mai daɗin." Aka ji takun ƙafa, kiɗan ya ja baya, ƙofar kwano ta yi ƙara. Aka ji an ajiye musajjala a ƙasa. Ilyasu ya kai hannu zai tura gaba, don a nan ya kamata a ce an kashe. Sai ya ji ƙarar ruwan buta.

Ba su kashe ba. Sun manta.

Ya ji Zakariya yana kurkure baki kamar raƙumi. Ya ji muryarsa shi kansa, ta ƙuruciya, yana cewa, "Wuce gaba, kai ka fi ni surori." Zakariya ya ce, "Da guda nawa?" Aka shimfiɗa wani abu, kwali ne ko buhu. Ilyasun cikin kaset ya tada iƙama. Zakariya ya yi kabbara.

Ya karanta Fatiha. Muryar nan dai ce, ta ƙofar langa-langa, amma ya sauke ta ƙasa, yana bi a hankali kamar mai tafiya da ƙwai a hannu. A bayanta, ta ƙetaren katanga, jita tana ta yi, ganguna suna ta yi, ana ihu. Shi kuwa bai yi sauri ba.

Hasken ƙofa ya ragu. Alhaji Waliyyullahi ne tsaye, jaka a hannu, labule a kafaɗarsa. Ilyasu ya zabura zai kashe. Alhaji ya ɗaga hannu ya hana shi.

Ya shigo ya zauna a kan wata matacciyar talabijin, abin da bai taɓa yi ba. Zakariya ya shiga sura, gajera, ya zo wani wuri ya gajarta inda ake ja. Leɓen Alhaji ya motsa, ya gyara masa a hankali, kamar yaron yana gabansa da allo. Aka yi ruku'u, aka ji gwiwoyi sun taɓa kwali. Suka zauna su biyu a shagon nan mai ƙamshin dalma da turare, suka bi sallar har raka'a ta uku, ba wanda ya dubi wani. Aka yi sallama. Sai raɗar addu'a da ba a jin kalmominta, in ban da wuri ɗaya da ya fito: "…da Goggo, da Yaya." Sannan Zakariya ya ce da ƙarfi, "Kalas, an gama! Tashi, gajere, sun fara mai daɗin! La ila, wannan abar tana ta juyawa!" Tak.

Alhaji ya sa hannun riga ya share fuska, ya sake sharewa. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Ban taɓa jin ya ja salla ba. Kullum a sahun baya nake ganinsa, in na gan shi."

"Kullum shi ke ja mana, Yaya. Ni Ƙulhuwallahu ce dogarina."

"A irin wuraren nan?"

"A bayan katanga. Wani lokaci bakin kwata. Ba mu taɓa barin magariba ta wuce ba. Ya ce in mun bari, kai za ka gani a fuskarsa."

Alhaji ya miƙa hannu ya buɗe injin, ya zaro kaset ɗin, ya juya shi. Ilyasu ya riga ya toshe ramukan, salatif yana ƙyalli, saura dannawa kawai. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sa farce ya ɓamɓare salatif ɗin, ya zaƙulo takardar ya yar.

"Wannan ba za a goge ba. Ba a goge karatu. Goggo za a kai wa." Ya gyara murya, ya gyara zaman hularsa, Alhajin kasuwa ya fara dawowa jikinsa. "Amma ba da wannan shirmen a baya ba. Ba kai ne mai gyara ba? Ka cire kiɗan, ka bar mana sallar kawai. Gobe zan zo in karɓa."

Ilyasu ya karɓi kaset ɗin, ya ja ɗan zaren da bakin biro, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa. Siriri, ruwan ƙasa, bai kai faɗin tsinken tsintsiya biyu ba. Ya duba shi sama da ƙasa kamar mai neman inda aka yi ɗinki. Sannan ya naɗe shi, ya mayar a gidansa, ya sa a tafin hannun Alhaji, ya rufe masa yatsu a kai.

"Yaya, kai da ka goya shi, ga iko, ga baki, ga bulala, ka yi shekara arba'in ba ka raba Zakariya da kiɗa ba. Ni da reza da salatif kake so in raba su zuwa gobe?"